Dan Allah yaya ake shiga unguwa da binciken lafiya ba a rufe wa mutum ƙofa ba?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka taɓa aikin shiga gida-gida. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, binciken da nake yi a kan hawan jini ne tsakanin mata 'yan shekara 40 zuwa sama, a wata unguwa ta bayan Kurna nan Kano, irin unguwannin nan na awon igiya da ko adaidaita ba ta shiga lungunsu sai dai a sauke ki a bakin titi ki taka. Na karɓi takardar izini daga kwamitin ɗa'a mai tantance bincike, na je na gaida mai unguwa ya haɗa ni da wani yaronsa, na ɗauka shikenan komai ya kammala.

Wallahi kwana huɗu ina yawo da jaka da na'urar awo, gida 11 kacal aka bar ni na zauna. Wasu su ce maigida ba ya nan kuma bai ba da izini ba, wasu tun daga soro yara za su rugo su ce an ce a ce ba kowa. Amma abin da ya tsaya min a rai wata dattijuwa ce, ta shimfiɗa min tabarma ta ba ni ruwa, ta bari sai da na gama duk bayanina sannan ta ce "'yar nan ke ce ta huɗu, kowa da fom ɗinsa da bironsa, akwai waɗanda suka ɗebi jinin jikana a 'yar kwalba suka ce za su kawo sakamako, yaron yanzu yana sakandare." Na rasa bakin magana. Duk da haka ta miƙo hannu na auna, 178 bisa 104, wato jinin ya hau sosai, na sake bayan ta huta kusan haka dai, kuma ta ce ita tunda take ba a taɓa ɗaura mata abin nan ba. Na rubuta a takarda na ce ta je asibiti na fito, amma har na kai gida jikina a sanyaye, don na san nima lamba na ɗauka na tafi kamar na baya. To yaya ake yi? Ni ba ni da kuɗin raba magani, ɗaliba ce.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. 'Yata sannu da ƙoƙari. Na yi aikin rigakafi shekaru masu yawa kafin na ajiye, bari na faɗa miki abin da ƙila ba a zauna an warware muku a aji ba. Ƙofar nan da ake rufe miki ba ke aka rufe wa ba, an daɗe da rufe ta. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH da ke nan Kano, rabi aka ba su sabon maganin rabi aka ba su wanda aka saba, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, iyaye kuma suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Shari'a ta yi ta ja har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lissafa ki gani, matan da kike nema 'yan 40 zuwa sama, da yawansu a lokacin suna goyo ko suna 'yan mata, da kunnensu suka ji.

Shi ya sa da aka zo 2003 aka ce ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, maganar ta samu wurin zama nan da nan, Kano ta dakatar da rigakafin sai a tsakiyar 2004 aka dawo da shi da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Mu da muke ɗauke da akwatin ƙanƙara mun ga abu. Kuma abin da mutane suka fi faɗa mana ba ma zancen haihuwar ba ne, cewa suke yarona na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, amma wannan ɗigon kuna bi na da shi har ɗaki kyauta, me ya sa? Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a fara samun kanta ba sai da aka koma ana kafa 'yar rumfa a unguwa ana duba zazzaɓi da gudawa ana ba da magani tare da ɗigon, aka sa sarakuna da hakimai da limamai a gaba, aka ɗauki matan unguwar su da kansu suna shiga gidajen maƙwabtansu, ana suna suna nan, ana biki suna nan. Da haka aka kai ga 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Don haka yaron mai unguwa ba zai shigar da ke ɗakin mata ba, iyakarsa soro. Nemi ungozomar unguwar, nemi malamar Islamiyyar matan aure, nemi uwar adashi. In ɗaya daga cikinsu ta yi sallama ta ce tare muke, an gama. Mazan kuma a same su bayan sallar isha'i ko asuba, liman ya yi sanarwa, don izinin da ake ce miki babu ɗin nan gaskiya ne, ba a tambaye su ba.

Abban Nana:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗinki nake yi, amma ina da yarinya mai sikila don haka asibiti ya zama gidanmu na biyu. Malama abin da tsohuwar nan ta faɗa miki shi ne gaba ɗaya matsalar, a dawo. Mu talakawa ba bincike muke ƙi ba, wanda aka yi da mu aka manta da mu shi muke ƙi.

Misali a nan Kano likitocin asibitin Malam Aminu Kano da na jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi shekaru suna bincike a kan shanyewar ɓarin jiki da ke kama yara masu sikila. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai wajen kunne, ba allura ba zafi, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya yi yawa to yaron na cikin haɗari. A ƙasashen Turawa ƙarin jini ake yi wa irin yaran nan kusan duk wata, mu kuwa ina za mu iya, jinin ma ina yake. Binciken ya nuna maganin haidroksiyuriya da ake sha kullum yana rage haɗarin sosai. Ranar da aka yi wa Nana awon nan, ma'aikaciyar ta juyo da allon ta nuna min, ta sa na ji ƙarar jinin yana wucewa fuu fuu, ta ce nata lafiya lau amma a dawo baɗi a sake. Minti biyar ta ɓata a kaina da Hausa. Wallahi daga ranar ni na zama mai shela, duk wanda ya kawo ɗinki na ji yana da mai sikila sai na ce ka kai a duba kan. Na tura iyaye sun fi goma ba wanda ya biya ni ko sisi.

Ke ma in kin gama kar ki bar sakamakon a cikin littafi da Turanci a laburare. Ki dawo ki tara su a Islamiyya ki ce mata kaza na auna, kaza na samu jininsu ya hau, ga abin da ke jawo shi, ga gishiri ga dunƙule da muke zubawa a miya ba lissafi. Za ki sha mamakin tambayoyin da za su yi miki.

Sadiq_Dorayi:
Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk wannan wayar da kan da ake ta faɗa, in mace ta san jininta 178 ne kuma ba ta da kuɗin magani na wata-wata har ƙarshen rayuwa, me aka ƙara mata banda tashin hankali? Mahaifiyata na shan maganin hawan jini, ni nake saya, na san yadda farashin ya koma cikin shekara biyun nan. Wata rana sai ta raba ƙwaya biyu don ta kai mata ƙarshen wata ba ta gaya min ba. Masu bincike su riƙa sa kuɗin magani a cikin kasafinsu tun farko, in babu to a faɗa wa mutane gaskiya tun a bakin ƙofa cewa awo kawai za a yi. Kuma a daina ba mutane fom mai shafi huɗu da Turanci a ce su dangwala, wannan ba amincewa ba ce.

Hadiza Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ɗan uwa Sadiq maganarka na kan hanya, amma sani ma wani abu ne fa. Nan wajenmu a Mirriya ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun yi wani bincike a kan tamowa, maimakon a jira ma'aikaci ya zo kartiye, wato unguwa, ya auna yara, sai aka koya wa uwaye su da kansu yadda ake ɗaura 'yar igiyar awon nan mai launi uku a damtsen yaro, kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja a tafi likita yau ba gobe ba. Da yawa cikin matan ba su taɓa shiga lakkol ba, amma aka ga awonsu bai kasa na ma'aikatan sa kai ba, kuma suna kawo yaran da wuri kafin jiki ya lalace. Yanzu ƙasashe da yawa sun ɗauki tsarin. Abin da ya burge ni shi ne igiyar a hannun uwa take kwana, ba a jakar baƙo ba.

Ummu Haidar in da hali ko na'ura ɗaya ce ki bar wa unguwar, ki koya wa mata biyu masu ɗan karatu, a ajiye ta gidan malama duk mai jin ciwon kai ko jiri ta zo a duba. Kuɗin batir kawai za su riƙa haɗawa.

Dr_Mk:
Ina aiki a Amurka yanzu, kuma abin da Baba ya faɗa a kan Kano kamar da baƙaƙen fatar nan yake. Su nasu tabon sunansa Tuskegee, daga 1932 har 1972 hukumar lafiya ta gwamnati tana bibiyar ɗaruruwan maza baƙaƙe masu ciwon tunjere a jihar Alabama ba tare da an yi musu magani ba, alhali fenisilin ya samu tun a shekarun 1940. Sai 1997 shugaba Clinton ya nemi gafara. Har gobe in ka ce wa dattijo baƙar fata ya shiga bincike sai ya ambata maka shi.

Ga wanda ya shafi aikinki kai tsaye ƙanwata. A Los Angeles an yi bincike a shagunan aski 52 na baƙaƙen fata, aka buga shi a 2018. Mai aski shi ke jan hankalin kwastomansa, a wasu shagunan kuma aka kawo masanin magunguna yana zuwa har shagon yana aunawa yana rubuta magani da haɗin gwiwar likita. Bayan wata shida lambar sama ta awon jinin waɗanda aka kai wa maganin shago ta sauka da kusan 27, waɗanda aka ba shawara kawai aka ce su je asibiti tasu ta sauka da kusan 9. Kin ga Sadiq bai yi ƙarya ba, nasiha ita kaɗai tana aiki amma kaɗan, amana da magani ne suka haɗu a wuri ɗaya. Abin da zan ce, kafin ki sake auna kowa ki je ƙaramin asibitin da ya fi kusa da unguwar ki zauna da mai kula da shi, ku yi yarjejeniya cewa duk wadda kika turo da 'yar takardarki za a karɓe ta. Kuma ki sani awon rana ɗaya ba ya isa a ce mutum na da hawan jini sai an maimaita a wata ranar, amma irin lambar tsohuwar nan ba ta jiran sati biyu. Ki koma mata.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Jiya Asabar na koma. Da ta gan ni sai da ta riƙe haɓa ta ce au ke ce, ashe za ki dawo. Na sake aunawa 172 bisa 100, muka tafi tare da jikarta asibitin sha-ka-tafi na bakin titi, aka ɗora ta a kan magani, na wata ɗaya ni na biya don bai fi ƙarfina ba, ɗanta ya ce zai ci gaba. Kafin mu dawo labari ya zaga, na tarar da mata bakwai a tsakar gidanta suna jira har da malamar Islamiyyar, ita ce ma ta ce in zo ran Laraba bayan la'asar in yi musu bayani gaba ɗaya. Fom ɗin kuma na mayar da shi Hausa shafi ɗaya zan kai wa kwamiti su duba, Sadiq na ji maganarka.

Matsala ɗaya, biyu daga cikin matan masu jiki ne sosai abin ɗaurawar bai zagaye damtsensu ba, kuma na san in ya matse lambar ƙarya yake bayarwa ta yi sama. Wa ya san inda zan samu babba a Kano kafin Laraba, kuma nawa yake yanzu?