Muhawara: A Hana Maxx "C" a Gasarmu, Ko a Bar Shi?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Kafin mu fitar da ƙa'idojin gasar Yu-Gi-Oh! Master Duel, wasan katunan dodanni na waya da kwamfuta, da za mu yi tsakaninmu a nan Sakkwato, akwai magana guda da ta raba kawuna, kuma na ga ya fi dacewa a tattauna ta a gaban kowa. Na-Mabera ya kawo shawarar a hana katin Maxx "C" gaba ɗaya. Ga sababbin shigowa, aikin katin shi ne: kana jefar da shi daga hannunka, ko da a zagayen abokin karawarka ne, daga nan duk lokacin da ya yi wa dodo kira na musamman (wato ya fito da shi fili ba ta hanyar kiran da aka saba ba) a wannan zagayen, kai kuma sai ka ja kati ɗaya. Kowa ya kawo hujjarsa cikin mutunci.

Na-Mabera: Wa alaikumus salam, shugaba. Ba ƙarfin katin kaɗai ya dame ni ba, domin katuna masu ƙarfi suna da yawa. Abin da ya dame ni shi ne, da zarar ya sauka, wanda aka jefa wa ba shi da mafita mai kyau. In ya tsaya, ya bar filinsa babu tsaro, za a gama da makin ransa 8000 a zagaye na gaba. In kuma ya ci gaba da kiran dodanninsa, ya cika wa abokin karawarsa hannu da katunan da zai rushe duk abin da ya gina. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kowa a cikinmu ya san abin da ya sa aka hana Pot of Greed, wanda kati biyu kawai yake ba mutum, to yaya za mu bar wanda ke iya ba da biyar ko shida a zagaye guda? A gasannin katin takarda na Amurka da Turai, kamfanin Konami, mai wasan, ya hana shi tun Fabrairun 2018, kuma wasan bai mutu a can ba.

Ɗan Arkilla: Yayana Na-Mabera, ka faɗi rabin labarin ne. Konami ɗin da ya hana shi a Amurka shi ne ya bar shi shekara da shekaru a Japan, kuma da Master Duel ya fito a Janairun 2022, an yarda mutum ya sa har guda uku. Ba su yi haka da ka ba. Wanda ya ci kwabon da ake jefawa domin zaɓar mai farawa, ya fara wasa, yana iya ɗaukar mintuna yana jera kira bayan kira, har ya cika fili da dodannin da ke soke duk katin da za ka saka, kai kuwa kana zaune kana kallon waya. A Master Duel karawa ɗaya ake yi, babu ta biyu da za ka rama. Maxx "C" ne ke sa mai farawa ya ji tsoro, ya rage haɗama. In muka cire shi, mun miƙa gasar ga wanda kwabo ya faɗo wa.

Malamin lissafi: Ina so in sa alƙaluma a cikin maganar nan, domin kowa na iya bin su da kansa. Ƙunshin yawancinmu kati 40 ne, kuma da kati biyar ake fara wasa. Mai guda uku na katin zai same shi a hannun farko kusan kashi 34 cikin 100 na lokuta. Mai guda biyu, kusan kashi 24. Mai guda ɗaya, kashi 12.5. Saboda haka garkuwar da ɗan'uwanmu na Arkilla yake magana a kai, ko a mafi kyawun hali, ba ta zuwa a karawa biyu cikin uku. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, alƙaluman nan ɗaya ne ga mai farawa da mai biyowa. Katin bai san wanda aka zalunta ba. Sau nawa mai biyowa yake samunsa, sau nan mai farawa yake samunsa, kuma a hannun mai farawa ne ya fi muni: ya riga ya gina filinsa, sannan kana ɗaga hannu domin ka karya ginin, sai ya jefa maka shi.

Ɗan Arkilla: Malam, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma katin yana da magani a wasu katuna. Ash Blossom & Joyous Spring tana soke shi, Called by the Grave ma haka, ga kuma Crossout Designator. Wanda ya shirya ba ya kuka.

'Yar Runjin Sambo: Ɗan'uwa, maganin nan da ka lissafo shi ne babbar hujjar masu cewa a hana. Ka duba ƙunshin kowannenmu, za ka ga gurabe da dama cikin 40 sun tafi ga Maxx "C" da masu kashe shi tun kafin mutum ya zaɓi irin dodannin da yake so. Wannan ya sa ƙunshinmu ke kama da juna. Akwai kuma batun da ya fi taɓa ƙannenmu da suka fara kwanan nan: dukkan katunan nan suna cikin ajin UR, mafi tsada a wasan, kowanne yana cin makin ƙira 30 kafin a ƙera shi, alhali in ka narkar da wanda ba ka so maki 10 kawai ake ba ka. Yaron da ba ya sayen komai da kuɗi, wanda da ƙyar yake samun na data, zai ƙarar da abin da ya tara a kan katunan dole, bai kai ga waɗanda suka ja shi zuwa wasan ba. Mun ce muna son gasar ta jawo sababbi, to wannan shi ne shingen farko da ke gabansu.

Ɗan Arkilla: Ash Blossom za a ci gaba da sa ta ko da Maxx "C" ko babu, domin tana hana ɗauko kati daga ƙunshi, saboda haka wannan kuɗin ba zai ragu ba. Sannan ku tuna da waɗanda suka riga suka kashe makinsu a kansa. Idan Konami ya taƙaita kati yakan ƙara wa mai narkarwa maki domin rage masa asara, mu kuwa ba mu da abin da za mu mayar wa kowa.

'Yar Runjin Sambo: Ba wanda zai narkar da nasa. Gasarmu kaɗai dokar ta shafa, a wajenta kowa na nan da katinsa.

Na-Mabera: Akwai abin da nake ganin ya yanke maganar garkuwa. A 2024 Konami ya fitar da katunan Mulcharmy, irin su Purulia da Fuwalos, waɗanda su ma suke ba da jan kati idan abokin karawa yana kiran dodanni. Sai dai an sa musu sharaɗi: ba ka iya amfani da su sai in ba ka da ko kati ɗaya a fili. Wato wanda ya gama gininsa ba zai iya ƙara ɗora su a kai ba. Ni a fahimtata, sharaɗin nan yana nuna cewa masu ƙera wasan sun gane inda tsohon katin ya ɓaci. In mai biyowa muke son karewa, ga kayan da aka yi dominsa.

Babban yaya na Gawon Nama: Ƙannena, na karanta duka, kuma ina tare da masu cewa a hana, amma ba zan yarda a watsar da damuwar ɗan Arkilla ba, domin gaskiya ce. A wani wasan kati mai suna Magic, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da katin Oko, Thief of Crowns a Oktoban 2019, ya kuma hana shi a rukunin gasar da ake kira Standard a Nuwamban shekarar, saboda ya mamaye gasanni har sauran hanyoyin wasa suka rasa wurin numfashi. Ma'aunin da nake bi ke nan: ko katin yana ƙara hanyoyin da mutum zai bi, ko yana toshe su. Maxx "C" yana toshewa. To amma in mun cire shi muka bar karawa ɗaya tak, ciwon kwabo yana nan. A gasannin takarda, wanda ya ci biyu cikin uku shi ne ya yi nasara, kuma wanda aka kayar shi ke zaɓar mai farawa a karawa ta gaba. Mu ɗauki wannan tsarin tare da hanin, kada mu ɗauki ɗaya mu bar ɗaya.

Ɗan Arkilla: Yaya, in da karawa uku ne, zan iya haƙura, ko da yake har yanzu ina ganin masu dogon jerin kira za su fi kowa cin riba. Ina roƙon a rubuta wanda ya fara da wanda ya ci a kowace karawa, domin in masu farawa suka kwashe nasarori, a dawo da maganar kafin gasa ta biyu.

Shugaban zaure: An karɓi wannan roƙon, kuma Malamin lissafi ne zai riƙe rubutun in ya amince. Za a kaɗa ƙuri'a bayan sallar Isha'i a kan zaɓi biyu: a bar katin da karawa ɗaya, ko a hana shi da karawa uku. Wanda ba zai samu shigowa a lokacin ba ya turo mini zaɓinsa kafin Magariba.