Wai jan nama guba ne a hanji?

Baban Ummi: Jama'a ni fa na gaji. An auna ni an ce sukarina ya fara hawa, kitse ya yi yawa a jini. Likitan ko zama bai bari na yi da kyau ba, "rage ci, motsa jiki", sai ka ce na fi kowa haɗama. Na ce masa bakteriyar hanji fa, ai da hannunsu a ciki, sai ya yi dariya. To ku ji, naman da muke ci su ne suke mayar da shi guba.

Kawu: Guba? Abin da Allah Ya halatta kake kira guba? Gyara bakinka tukuna.

Baban Ummi: Kawu ban ce haram ne ba.

Kawu: Guba ana ci a mutu. Wa ka taɓa gani ya ci nama ya faɗi?

'Yar Lab: Kawu da gaskiyarka, amma shi ma bai ƙirƙira ba. Jan nama yana da sinadarin kanitin, ƙwai yana da kolin. Wasu bakteriyar hanji suna juya su zuwa wani sinadari mai suna TMA, hanta ta mayar da shi wani da ake kira TMAO. Stanley Hazen da abokan aikinsa na Cleveland Clinic a Amurka sun nuna a 2011 da 2013 cewa masu TMAO da yawa a jini sun fi fuskantar ciwon zuciya. A ɓeraye kuma ya ƙara toshewar jijiyoyin jini.

Baban Ummi: Kun ji ko! Guba!

'Yar Lab: Yaya ni ban ce guba ba, kar ka sa min magana a baki.

Kawu: Ashe ɓera ne ma. Yaushe na zama ɓera?

Abu Sadik: Tambaya ɗaya. Kifi yana ɗauke da TMAO ɗin kansa, wanda ya ci kifi nasa ya fi na mai cin nama hawa a jini. Kuma kifin ake cewa masu ciwon zuciya su ci. Shi ma guba ne? Sannan ƙoda ce ke fitar da shi, in ta yi rauni dole ya taru. Wataƙila yawansa a jini alama ce kawai, ba shi ke kawo ciwon ba.

Baban Ummi: Kai dama duk abin da na faɗa sai ka soke shi. Tun rigimar kuɗin gudummawa kake da ni.

Abu Sadik: Ni ka kawo rasit kawai, shi ke nan.

Anti Maijidda: Don Allah ku bar maganar rasit. Mutumin nan sukari ya kawo kuka a kai, ba wanda ya taɓa shi. 'Yar Lab, bakteriyar nan ba su da wani amfani ne?

'Yar Lab: Anti suna da shi sosai. Harzar da cikinmu ba ya narkarwa, irin ta wake, ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba, su suke sarrafa ta a babban hanji su fitar da asitet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin bangon hanji. Sinadaran nan kuma suna sa hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke taimaka wa fitar insulin, mai daidaita sukarin jini, ya kuma rage jin yunwa. A Amsterdam a 2012 har bakteriyar kashin sirara aka zuba wa masu ƙiba ta bututu, bayan mako shida jikinsu ya fi karɓar insulin. Da aka sake gwadawa, an ga amfanin ya gushe cikin 'yan watanni.

Kawu: Kashi?! Innalillahi. Ɗiyata wannan ne karatun da kike yi?

Abu Sadik: Baban Ummi ga maganinka nan, a haɗa ka da mai bayarwa.

Baban Ummi: Allah Ya isa. Ka janye.

Abu Sadik: Ka janye "guba" in janye.

Shugaba: To ya isa haka. Abin da na fahimta: an tabbatar nama ba shi da wata illa, binciken duk na ɓeraye ne, kuma Kawu a matsayinsa na babba ya yi daidai da ya tsawatar. Baban Ummi ya bi maganar likitansa. Zancen rasit sai ranar taro.

'Yar Lab: Ranka ya daɗe ba wanda ya ce nama ba shi da illa, kuma na Amsterdam mutane ne.

Shugaba: Na rufe.