Ambaliyar daren Talata: ƙaddara ce ko sakacinmu?

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Jama'a, tun da katangar maƙwabcinmu ta faɗi a ruwan daren Talata nake jin ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Ni a ganina ambaliya ƙaddara ce. Ruwa na Allah ne, ba mai iya tare shi. A yi wa bawan Allah jaje, a bar maganar.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Ba wanda ya musa ƙaddara. Amma da gari ya waye na je kwalbatin bakin layinmu na gani da idona: ledojin fiya wata, robobin lemo, tsohuwar katifa, har da mushen akuya, sun toshe bakin tam. Ruwan da ya kamata ya gangara rafin Kubanni na nan Zariya, da ya rasa hanya sai ya juyo cikin gidaje. Mu muka zuba sharar nan. Wasunmu ma jira suke hadari ya haɗo su juye shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita.

Malam Isiyaku: Alhaji, da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Yashe kwata ma yana cikin ƙaddara.

Nura: Ni gidana a bakin rafi yake, kuma na san ana cewa mu muka jawo wa kanmu. Da rani na sayi filin, wurin a bushe ƙarau, dillali ya rantse ruwa bai taɓa zuwa nan ba, aka ba ni takarda da hatimi. Daren nan ruwa ya kai min ƙugu, na ɗauko 'yata a wuya. Buhunan masarata uku yanzu tsiro suke yi a ɗaki. Da ina da kuɗin fili a tudu, me zai kai ni fadama? Wanda ya yanka hanyar ruwa ya sayar, da wanda ya sa hannu, su ba a ambatonsu.

Injiniya Bashir: Allah Ya mayar da alheri, ƙanena, kuma maganarka gaskiya ce. Zariya tana samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, mafi ƙarfinsa a Agusta, ba sabon abu ba ne. Abin da ya canza shi ne fadamun da ke shanye ruwan an cike su an yi gini, tsakar gidaje an malale da siminti. Ku dubi Maiduguri: madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa a Satumban 2024. Shekara 30 ke nan tsakani. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a ƙasar nan, ana ta zargin madatsar Lagdo ta Kamaru, alhali ta Dasin Hausa a Adamawa, wadda za ta tare ruwan, har yau ba mu kammala ba.

Alhaji Garba: Injiniya, Jamus fa? A 2021 ambaliya ta kashe musu sama da mutum 180, da duk iliminsu da magudanansu. Su ma shara suka zuba?

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowa, na yarda. Amma can ma sai da aka binciki jami'ai kan jinkirin gargaɗi. Namu na Talata kuwa bai kai wannan ba, kwalbati ɗaya ce ta toshe.

Alhaji Garba: Har yanzu ban ji daɗin a tsare wanda ke cikin jimami da maganar laifi ba.

Malama Hadiza: Shi ya sa ban kira sunan kowa ba, Baba. Damina ba ta ƙare ba. Ranar Asabar bayan asuba mu fito gayya a kwalbatin nan. Ina da shebur biyu, wa ke da baro?

Nura: Akwai baro a wajena. Zan zo da ƙannena.