Doyar Sin da aka kawo wa surukata: za ta iya maye gurbin maganin sukari?

Maman Biyu, Kubwa:

Assalamu alaikum. Ƙanen maigidana yana fatauci zuwa Guangzhou, kuma a dawowarsa ta wannan karon ya zo wa mahaifiyarsu da leda cike da busassun yanka farare tas, ya ce doyar Sin ce, masu maganin gargajiya na can suna ba masu ciwon sukari da masu yawan gudawa. Hajiya ta daɗe a kan ƙwayoyin asibiti, yanzu kuma ta fara cewa ta gaji da su tunda ga na gargajiya ya samu. Ni ce mai yi mata girki, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Shin wannan doya ɗaya ce da tamu ta kasuwar Wuse? Kuma ya halatta ta ajiye maganinta saboda ita?

Tsohon ɗalibi a Sin, Gwarinpa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Danginsu ɗaya da doyarmu, amma jinsinsu daban. Sinawa suna kiranta shanyao, masana tsirrai kuma Dioscorea polystachya, alhali farar doyar da muke sakwara da ita Dioscorea rotundata ce. Ɗanyar doyar Sin siririya ce doguwa, mai 'yan gasu a jikin ɓawonta, idan aka fere ta sai ta yi yauƙi kamar kuɓewa, kuma takan sa hannu ƙaiƙayi. Wadda aka fi yabawa ita ce ta yankin Jiaozuo a lardin Henan.

Matsayinta a maganin gargajiyarsu tsoho ne ƙwarai, domin ta zo a littafin Shennong Bencao Jing na kusan shekaru 2,000 da suka wuce, cikin rukunin magungunan da ake iya daɗewa ana ci ba tare da cutarwa ba. A fahimtarsu ba ta da zafi ba ta da sanyi, kuma tana ƙarfafa saifa da huhu da ƙoda, don haka suke ba wanda ba ya son cin abinci, da mai daɗaɗɗiyar gudawa, da mai tsohon tari, da mai yawan fitsari da ƙishirwa. Sai dai abin da na gani da idona shi ne da wuya likitan gargajiya ya bayar da ita ita kaɗai. Haɗa ta ake yi da wasu, kamar a Liuwei Dihuang Wan, haɗin magunguna 6 da ake dangantawa da likita Qian Yi na zamanin daular Song. A gidaje kuwa abinci ce kawai, ana jefa ta a romon kaza ko a faten shinkafa, musamman ga tsofaffi da masu murmurewa daga jinya.

Mai harhaɗa magunguna, Garki:

Maman Biyu, don Allah kada ku bari Hajiya ta ajiye ƙwayoyinta. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tambayarki, domin mun sha ganin dattijai sun bar magani saboda wani sabon abu da aka kawo musu daga waje, sai bayan makonni a kawo su asibiti sukari ya yi tashin da ya taɓa ido ko ƙoda. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje a kan ɓeraye da suka nuna wasu sinadaran wannan doya suna rage sukarin jini, amma hakan bai kai hujjar da za a ce mutum ya dogara da ita ba. Kada kuma a manta cewa doya ce, mafi yawan abin da ke cikin busasshiyarta sitaci ne, wanda jiki yake mayarwa sukari. Ma'aunin da kundin magungunan Sin ya bayar giram 15 zuwa 30 ne a yini, ba kwano guda ba.

Akwai kuma batun ingancin abin da ke hannunku. Wasu 'yan kasuwa suna turara yankan da hayaƙin farar wuta don ya yi fari ya daɗe bai lalace ba, wasu kuma suna cuɗa shi da busasshen rogo saboda kamanninsu. Ki ɗauki yanka ɗaya ki shinshina. Idan kin ji tsami mai shiga hanci, alama ce ta farar wuta. Ki duba tsakiyarsa kuma, domin rogo yakan zo da zare ko ɗan rami a tsakiya. Idan a kwali ya zo da sunan magani, ki nemi lambar NAFDAC a jikinsa.

Maman Biyu, Kubwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba, babu zare a tsakiya kuma babu warin tsami. Damuwata yanzu ita ce yadda zan faɗa mata ba tare da ta ga kamar na raina kyautar ɗanta ba.

Mai harhaɗa magunguna, Garki:

Ba sai kin hana ta ba. Ki sa maigidanki ya raka ta ranar ganin likita, ku tafi da ledar a nuna masa. Idan ya amince, sai ki riƙa jiƙa 'yan yanka kaɗan kina dafa mata a romo, ki rage mata tuwo ko shinkafar wannan lokacin daidai gwargwado, sannan a riƙa auna sukarinta da safe kafin ta karya da kuma awa 2 bayan cin abinci, a rubuta a takarda don likitan ya gani a zuwa na gaba.