Dan Allah masu sani, da gaske hazo na hana jirgi sauka ko dai dabarar kamfani ce?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi. Dan Allah tambaya gare ni ga duk wanda ya san harkar jirgin sama, don abin ya tsaya min a rai tun wancan satin. Innarmu ce zata Umara, shekara uku tana tarin kuɗin nan, da na riɗi da na awakinta da abin da yayanmu ya cika mata, ranar tafiya muka ɗauki shatar mota tun asuba daga ƙauyenmu nan ƙasar Ringim har filin jirgin Malam Aminu Kano, muna zaune tun hantsi har bayan la'asar sai ga sanarwa wai jirgin da zai zo ya kwashe su bai samu sauka ba saboda hazo, a dawo gobe. Gobe ma haka aka yi. Kwana biyu tsohuwa na kwance a ɗakin 'yar ƙanwarta a Kurna ga tari ga sanyi, sai a na uku Allah ya nufa suka tashi.

Ni abin da ya ɗaure min kai, mu fa cikin hazon nan muka taho, direba ya kunna fitila ya rage gudu muka iso lafiya lau, kuma ina tsaye a waje na ɗaga kai ga rana nan ina kallonta fara sol kamar faifai. To jirgin da aka ce duk cikinsa kwamfuta ce me zai hana shi sauka? Waye ma yake gaya wa matuƙi yadda gari yake tun yana wata ƙasa? Sannan akwai inda talaka zai duba da kansa kafin ya kashe kuɗin mota? Don ranar dawowarta ta matso kuma mu ne masu tarbo.

Malam na Gumel:

Wa alaikumus salam. Yaro Allah ya karɓi ibadar Inna ya dawo da ita lafiya. Ni ban san kan jirgi ba, tsohon malamin firamare ne ni, amma ina roƙonka ka cire zargin nan daga ranka. A watan Janairun 1973 ina saurayi, jirgin alhazai ya taso daga Jidda zai je Legas, yanayi ya ɓaci a can aka juyo da shi Kano, wajen sauka ya yi hatsari ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu. Duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar nan bai manta ranar ba. Tun daga nan in aka ce min an tsayar da jirgi saboda yanayi ni dai hamdala nake yi. Kwana biyun Kurna da wahala, na sani, amma da ƙafarta ta shiga jirgin.

Tsohon ɗalibin Zariya:

Baba Malam ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗan'uwa ni na yi kwas ɗin tsara tafiyar jirgi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ba matuƙi bane ni amma takardun yanayin da ake miƙa wa matuƙa su muka karanta, bari in yi maka bayani iya fahimtata.

Da farko maganar mota. Direbanku in ya ga hanya ta rufe sai ya dawo gudun 40, in ta ƙi ya gangara gefe ya tsaya. Babban jirgi lokacin da yake gangarowa zai taɓa ƙasa yana gudun kusan kilomita 250 ne a awa, wato kamar mita 70 duk sakan ɗaya, kuma ba halin ya rage sosai don gudun ne ke riƙe shi a sama. Kaga in abin da ido ke iya hangowa mita 800 ne, sakan goma sha ɗaya zuwa sha biyu ya cinye shi. Ita kuma ranar da ka gani, ai sama ka kalla a miƙe, ƙurar da ke tsakaninka da ita ba kauri sosai ta nan. Shima matuƙi in yana bisa gari ya leƙo ƙasa yana iya ganin rufin gidaje, amma da ya karkato ya fuskanci titin jirgi a kwance yake kallo ta cikin ƙura mai nisan kilomitoci, sai komai ya zama fari fat.

Kwamfutar kuma gaskiya ne akwai, da wata na'ura a ƙasa da ake kira ILS mai aiko wa jirgi sigina tana jan shi daidai tsakiyar titi. Amma mataki-mataki ce. A matakin farko zata kawo shi ne har ya rage ƙafa 200 tsakaninsa da ƙasa, kamar mita 60 kenan, a nan dole matuƙi ya ga fitilun titi da idonsa, in bai gani ba doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama, ba shawara. Wannan matakin yana neman a iya hangen mita 800, ko 550 in da na'urar awo ta gefen titi aka auna. Akwai mataki na uku da jirgi ke sauka kusan ba a ganin komai, sai dai shi sai filin yana da kayan, jirgin yana da kayan, matuƙan ma an horar da su an basu shaida, ɗaya ya ɓace a cikin ukun nan shikenan.

Wanda ke gaya musu kuwa hukumar kula da yanayi ta ƙasa ce, NiMet, suna da ofis a filin jirgi, suna auna iska da zafi da nisan hange suna fitar da rahoto duk rabin awa ko duk awa, sunansa METAR. Ga misali na ƙirƙira don ka gane:

DNKN 150900Z 06012KT 0600 DU

DNKN Kano kenan, Abuja DNAA, Legas DNMM. 15 kwanan wata, 0900Z lokaci. 06012KT iska na busowa daga arewa maso gabas da ƙarfin not 12 (ma'aunin gudun iska kenan), kamar kilomita 22 a awa. Wanda ya shafe ka shine na huɗun, 0600, mita 600 kawai ake hangowa, DU kuma ƙura ce, in HZ ka gani hazo ne. In ka ga 9999 ko CAVOK gari garau yake. Shi METAR abin da ake ciki yanzu yake faɗa, na hasashen gaba sunansa TAF, ana sabunta shi duk awa shida yana kuma hango awa 24 zuwa 30, da shi kamfani ke yanke ko jirgi ya taso ko ya zauna. Kuma ba na Kano kaɗai zasu duba ba, dole su ɗauki man da zai kai su wani filin in nan ta ƙi, to ranar da hazo ya sauko sosai zaka tarar Katsina da Kaduna da Maiduguri duk sun rufe lokaci guda, ina zai nufa?

Ƙurar nan ma ba ta nan bace, mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar hunturu ta kwaso ta ta yo mana nan da ita. Shi yasa in tauraron ɗan adam ya nuna ta tashi wajen garin Faya-Largeau na can Chadi zaka ji NiMet ta fitar da gargaɗi tun bata iso ba.

'Yar Haɗejiya:

Malam na Zariya Allah ya saka, na ƙaru wallahi. Amma fa a faɗi ɗaya gefen, ba kullum bane hazon ke da laifi. Ni an taɓa ajiye mu tun safe har dare aka ce yanayi ne, ga jirage na ta sauka suna tashi a gabanmu, ga yara na kuka ko ruwa ba a bamu ba. Ƙanina ne ya sa min Flightradar24 a waya, manhajar da ke nuna inda jirage suke, yanzu in aka ce yanayi sai in buɗe in ga ko wasu na sauka. Kuma ni hazo bai taɓa tsorata ni kamar hadarin damina ba, wanda zai haɗo baƙi ƙirin daga gabas da la'asar, mun taɓa shiga gefensa jirgin nan ya dinga faɗawa kamar an sake shi, ba wanda bai yi salati ba.

Tsohon ɗalibin Zariya:

Hajiya ban musa miki ba, ana yi, kuma ko da yanayin ne bai kamata a bar mutane ba bayani ba ruwa ba. Sai dai a lura, wani jirgin ya sauka ba hujja bace cewa naku ma zai iya, saboda maganar matakan nan, sannan wata rana garinku lafiya inda jirgin zai taso ne ya rufe. Tsoronki na hadari kuwa yana kan hanya. A rahoto shine TS, girgijen kuma CB, babu matuƙin da ke shiga cikinsa da gangan, akwai rada a hancin jirgi mai nuna ruwa da ƙanƙarar da ke ciki sai a kewaye, ita radar bata ganin busasshiyar ƙura shi yasa bata da amfani a hazo. Mafi muni iskar da ke zubowa daga gindin hadarin ta juya farat ɗaya jirgi na kusa da ƙasa. Ita bincike ya ambata a hatsarin Abuja na 29 ga Oktoban 2006 wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansu.

Ɗan Ringim:

Ameen. Na gode Baba Malam, na gode yayana na Zariya, wallahi zuciyata ta yi sanyi don da na riƙe mutanen nan a raina. Na rubuta METAR DNKN a Google kuma ya fito, na ga 3000 HZ, in na gane daidai kilomita uku kenan ko? Amma lokacin da ke jiki ya saɓa da agogona da awa ɗaya, ko tsohon rahoto ne?

Tsohon ɗalibin Zariya:

Ka karanta daidai, 3000 jirgi na sauka ba matsala. Lokacin kuma agogon duniya ne na GMT, duk harkar jirgi da shi ake aiki, mu muna gabansa da awa ɗaya, in ka ga 0900Z ƙarfe goman safe kenan a nan. Daren da zaku tarbo Inna ka buɗe TAF ɗin Kano bayan isha'i, ka nemi awar da aka ce zasu sauka ka cire ɗaya, in ka ga lamba ƙasa da 1000 da DU a gefenta, ko an rubuta TEMPO a gabanta wato zai dinga zuwa yana wucewa, to kar ka biya shata tukuna. Da asuba ka sake dubawa, ka kira ejan ɗinsu ya tabbatar maka jirgin ya baro Jidda, tafiyar ta fi awa huɗu, ko a lokacin kuka taso daga Ringim zaku riga su isa. Ka taho mata da abin rufe hanci saboda tarin nan.