An ba ni naɗaɗɗen rubutun Sinanci, in rataye shi a falo?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 6 ke nan ina sarin yadi a hannun wani dattijo a Guangzhou. A wannan zuwan, ranar da zan dawo, ya miƙo mini doguwar takarda a naɗe, gefenta siliki, da sanda a ƙasanta. Manyan baƙaƙe biyar ne daga sama zuwa ƙasa, sai ɗan jan hatimi ta hagu. Ya ce da hannunsa ya rubuta. Mutumin yana da girma a idona, ina so in rataye ta, amma ban san me ta ƙunsa ba, ga hunturu na tafe. Ga hotonta.

Ɗalibi a Wuhan: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka. An rubuta "jia he wan shi xing", wato in gida ya zauna lafiya, komai zai yi albarka. Karin magana ce tasu, babu bauta a ciki. Jan hatimin kuwa sunansa ne, shi ne sa hannunsu. Dattijo ya zauna ya yi maka rubutu da hannunsa, wallahi ba ƙaramar karramawa ba ce.

Hajiya ta Damagaram: Alhaji, ka ji ta bakin wadda ta yi asara. Irin wannan rubutun yawanci a takardar Xuan ta lardin Anhui ake yin sa, sirirya ce ƙwarai, da ƙullun alkama ake manna mata wata takardar a bayanta. Tawa na bar ta kusa da taga, hunturu ɗaya ta bushe ta lanƙwashe, ta tsage. Na liƙa salatif, ya bar tabon da har yau ke ci mini rai. Ka nisanta ta da rana da iskar fanka, da damina kuma ka kula da fumfuna. Su kansu masu abin ba sa barin ta a bango shekara guda. Bayan 'yan watanni sai su naɗe ta daga ƙasa, su adana.

Malamin allo: In ka koma, ka leƙa masallacin Huaisheng a nan Guangzhou ɗin. Musulmin Sin suna da salon rubutun Larabci da ake kira Sini, a irin wannan naɗin suke rubuta Bismillah. Haji Noor Deen, ɗan lardin Shandong, ya yi suna a kai. Ni da na tashi da alƙalamin kara da tawada, na daɗe ina kallon aikinsa.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan bari hunturu ya wuce tukuna. Bangon da babu taga zan ba ta.