Shin gizo-gizo ƙwaro ne?

Ɗan Gwammaja: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata uku ina tsintar ƙananan gizo-gizo a jikin ganuwa wajen Ƙofar Na'isa, ina zuba su a kwalbar sifirit. Akwai wani mai tsalle, ƙwayar dawa ta fi shi girma, ban gan shi a littafi ko ɗaya ba. Na kai wa malaminmu, ko madubin ƙara girma bai ɗauko ba, wai sai an tura ƙasar waje an gwada al'aurar namijin da ta 'yan uwansa. Mu ba mu isa mu gano sabon ƙwaro a Kano ba ke nan?

Malamin Firamare: Ƙwaro? Gyara tukuna, ɗana. Ƙwaro ƙafa 6, gizo-gizo ƙafa 8. Idan haka ka faɗa masa, ai ya yi maka mutunci.

Hajiyar Kurmi: Malam, kunama ma ƙafa 8 gare ta, kuma ƙwaro kakata take ce mata. Boko ya zo ya tarar da Hausa.

Malamin Firamare: Hajiya, da tautau ya yi wa jikanki fitsari, wa kika kai wa, kakarki ko likita?

Hajiyar Kurmi: Kada ka sa jikana a ciki.

Bazazzagi: Ku bar batun ƙafa. A 2022 kundin gizo-gizo na duniya da ke Bern a Suwizalan ya cika nau'i 50,000, kuma na cikon ma mai tsalle ne daga Kudancin Amurka. Tun 1757 wani masani ɗan Suwidin mai suna Clerck ya fara raɗa musu sunan kimiyya. Kowane sai an ajiye samfurinsa an wallafa bayaninsa. A Zariya ɗan aji ɗaya ya san wannan.

Ɗan Fagge: Wa ya tambayi Zariya? Ka zo cin arziki ka zo da baki.

Hajiyar Kurmi: To a kundin naku, Gizo mijin Ƙoƙi lamba nawa ne?

Ɗan Gwammaja: Don Allah, a ina zan samu madubin?

Ɗan Fagge: Mu jira Zariya ta aiko.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: gizo-gizo ƙwaro ne, kamar yadda yayata Hajiya ta kawo hujja daga bakin manya. Malam bai kawo komai ba sai lissafin ƙafa. Baƙonmu kuma ya je ya ƙirga na Zariya.